Kwalbar da Muka Tono a Gidan Baba Alhaji

Da safen nan tun daga baranda na jiyo dariyarku. An kawo kwalbar naman majiyyaci daga unguwar Ayigya ta nan Kumasi a naɗe cikin farin ƙyalle, ɗayanku ya ce wai an yi wa tsoka likkafani, ya kama ƙyallen da yatsa biyu ya nufi kwandon shara. Ni na karɓe na ninke, yana cikin durowata. Ban yi muku faɗa ba don mai kwalbar yana tsaye a taga. Amma tunda wata uku kacal za ku yi a wurina ku koma jami'a kuna cewa kun iya aikin lab, gara in rubuta muku wannan, don na lura abin da aka gaya muku da baki ba ya kwana a kanku.

A ganinku aikin nan ba komai ba ne. A zuba nama a inji, a danna maɓalli, a zauna ana latsa waya har inji ya yi ƙara. Ni Rabi, shekara talatin da ɗoriya ina yanka naman mutane masu rai ina shimfiɗa shi a gilashi don likita ya karanta, kuma har yau ban ce na gama iyawa ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ku kuwa naku ya kai har wuya.

Aikina na farko a ɗakin nan wasa wuƙa ne. A lokacin babu waɗannan rezojin da kuke yanka biyu ku jefar. Wuƙa ɗaya ce mai nauyi ta injin yanka, a wasa ta a dutse, a goge ta a fata, a duba bakinta a madubin likita ko da tsaga. Wanda ya koya mini aiki wani dattijon Asante ne, Wofa Kwaku muke ce masa. Ya ji cewa ubana mahauci ne, kuma na shigo ina hura hanci wai ni na san wuƙa tun ina goye. Wata shida ya bar ni da dutse ban taɓa nama ba. Ranar da na gaji na yi magana, sai ya ce da irin Hausarsa ta kasuwa:

"Rabi, kai ɗan mahauci ne, na sani. Amma nan ba mayanka ba. Can mai nama ya mutu. Nan mai nama yana gida yana jira. Kakra kakra."

Wato a hankali a hankali. Na koma kan dutsena.

Daga baya ya koya mini sauran. Nama in an ciro shi daga jikin mutum, nan take ya fara ruɓewa, don haka ake tsoma shi a ruwan fomalin, wannan mai sa ido hawaye. Sai a zaɓi wurin da ya dace a yanko, a bi da shi cikin sifirit kwano bayan kwano har ruwan jikinsa ya fita, a jiƙa shi da kakin kyandir mai zafi, a bar shi ya daskare. Sannan a ɗora a inji a fere shi siriri, sirantar da ko fatar albasa bargo ce a kanta. A ɗora feren a kan ruwan ɗumi ya miƙe, a kwaso da gilashi, a rina. Ruwa ya yi zafi, nama ya wargaje. Wuƙa ta yi tsaga, ta ja layi a tsakiyar abin da likita yake nema. A Zango kuwa suna suka ba ni, mahauciyar asibiti. Wasu matan ma ba sa son in sa hannu a kwano ɗaya da su a gidan suna. Ban taɓa rasa barci a kan wannan ba, naman ya fi yawa a gabana.

Akwai wata tsoka daga nonon wata mata da na rina, na miƙa wa Wofa Kwaku zan juya, sai ya ja kujera ya ce in zauna in duba. Masu yanka irinmu ba a sa mu karatu, namu yanka ne. Shi kuwa ya ce wanda bai san abin da yake yankawa ba, ba zai ji tsoron ɓata shi ba. A ranar ya gaya mini abin da kuka haddace don jarrabawa ba ku gane ba.

Jikin mutum ƙwayoyin halitta ne, ƙanana da ido ba ya gani. Lafiyayyar ƙwaya ba ta rabuwa biyu don ta ga dama. Sai maƙwabtanta sun aiko mata da saƙo, wani ɗan sinadari da suke fitarwa, ya zo ya zauna a kan abin karɓa da ke jikin fatarta, wanda mu a ɗakin nan muke kira kunne. In ka yanke a yatsa, saƙon ya yawaita a wurin, ƙwayoyi su hayayyafa su cike gurbi. Rauni ya warke, saƙo ya ɗauke, su ma su tsaya. Ta ciwon daji ta daina jiran kowa. Ita za ta haɗa saƙon da kanta, ta fitar da shi, ya dawo kunnenta, ta ji, ta rabu biyu. Biyun nan kowacce ta gaji halin uwar, su zama huɗu, kuma yawansu yana ƙara yawan saƙon. Wata kuma kunnuwa take ƙarawa, har ɗan saƙo kaɗan ya ishe ta tashi. Wata ta haɗa duka biyun. Ba wannan kaɗai ke mayar da ƙwaya ta daji ba, akwai masu tsawata mata a cikin jikinta da su ma suke lalacewa, amma wannan yana cikin manyan dalilai. Wofa Kwaku ya nuna mini su cunkushe a gilashin, ya ce, "Mutanenku za su ce jifa ne. Ba wanda ya aike shi. Shi ya aiki kansa."

Sai da ya yi ritaya aka kawo mana rinin da ke nuna kunnuwan. In suna da yawa, sai ka ga kowace ƙwaya ta yi zobe mai ruwan ƙasa. Amfaninsa kuwa, in an san ta wane kunne ciwon yake ji, wani lokaci likita yana da maganin da zai toshe shi. In ba a sani ba, sai a yi ta lalube. Rinin nan yana da tsirfa. Yana son firji, kuma yana son naman da bai wuce kwana uku a fomalin ba. In ya daɗe, sakamakon ba abin dogaro ba ne.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce ta dumso, lokacin da wutar lantarki ta zama baƙuwa a Kumasi. Janareton asibiti na ɗakin tiyata ne da na haihuwa, mu sai abin da ya rage. Inji ya tsaya da nama a cikinsa, kaki ya daskare a kansa rabi da rabi. Na ɓata tsokar mutum biyu a wata ɗaya, aka koma aka sake yanka su, kuma wannan yana raina har yau. Daga nan na daina yarda da inji. Na kawo kolpot, murhun gawayi, daga gida, ina narka kaki a gwangwanin madara cikin tukunyar ruwan zafi, da ma'aunin zafi a hannuna. Rinin kunnuwa kuma na sa shi a kula, akwatin sanyi, kullum ina sayen ƙanƙara wurin mata masu sayar da ruwan sanyi a bakin get. Oganmu ya ce na mayar da lab kicin. Na ce masa ya kawo wuta in mayar masa da kicin lab.

A wannan shekarar aka yi wa Salamatu aiki. Salamatu mai sayar da waakye ce, shinkafa da wake, a unguwar Tafo, mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Ubanta Baba Alhaji, tsohon ɗan kasuwar goro, aminin mahaifina ne. A gidansa na yi rabin ƙuruciyata, kuma da ubana ya rasu shi ya ba da aurena. Ni na matsa wa Salamatu ta je a duba ƙullin da ke nononta. Ranar Litinin aka cire shi a wani ƙaramin asibiti da ba shi da lab. Kun san yadda ake yi, a sa naman a kwalba, a miƙa wa dangi da takarda a ce su kawo mana. Yayanta Garba, fita ne mai gyaran mota a Magazin, shi aka ba.

Litinin na duba rajista, babu sunanta. Talata babu. Laraba da hantsi na cire rigar aiki na hau trotro, motar haya, zuwa Tafo.

Na sami Baba Alhaji a zaure da carbinsa, Garba yana tsugune gefensa ya dawo cin abinci, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi mai jiki, sannan na ce ban ga kwalba ba. Garba ya sunkuyar da kai. Baba Alhaji ne ya amsa.

"An binne, Rabi. Ni na sa."

"Baba, a ina?"

"A bayan ɗaki, inda muke binne namu. Naman ɗiyata ne. Allah ya karrama ɗan Adam, da ransa da gawarsa da abin da aka yanke daga jikinsa. Ba zan bari a yi ta yawo da shi a trotro ba, in an gama a jefa a wuta tare da auduga. Ko ba haka kuke yi ba?"

A nan ya fi ni gaskiya, don a lokacin abin da ya rage ƙone shi ake yi. Na ce haka ne.

"To. An cire ciwo, an binne ciwo, magana ta ƙare."

Na juya wurin Garba. "Ka juye shi ne, ko da kwalbar ka binne?"

"Da kwalbar, Hajiya. Na ɗan buɗe, ruwan ya shiga mini ido paa. Na rufe, na ƙara naɗe murfin da baƙin tef na waya, na sa a farin ƙyalle."

Allah ya yi wa masu gyaran mota albarka, komai suka taɓa sai sun naɗe shi da tef. Naman yana cikin fomalin, a rufe, kwana biyu. Saura mini kwana ɗaya.

Na yi musu bayani kamar yadda na yi muku a sama, amma da ƙarancin surutu. Na ce likita ya cire abin da hannunsa ya taɓa ne, wanda bai taɓa ba yana iya kasancewa a jiki. Na ce ƙwayar ciwon nan ba ta jiran umarnin kowa, ita ke ba kanta umarni ta kuma bi. Garba ya ɗago kai.

"Hajiya, tsaya. Wannan ai mun san shi a Magazin. Injin dizal in ya fara zuƙar baƙin man jikinsa, ko ka zare ki ba ya mutuwa. Shi ke ciyar da kansa. Sai ƙara ihu yake yana hayaƙi har ya fashe."

"Yaya kuke kashe shi?"

"Sai ka toshe inda yake shan iska."

"In ba ka san inda yake sha ba fa?"

Ya ce, "Sai ka gudu."

Na ce, "To inda na ƙanwarka yake sha yana cikin ramin da ka haƙa. In Alhamis ta wuce, ko mun tono ba lalle ya gaya mana gaskiya ba."

Ashe Salamatu tana jin mu. Ta fito daga ɗaki tana dafa bango, hannu ɗaya a kan bandeji. Ta durƙusa da ƙyar ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Namana ne, ina so a duba. Ina da marayu uku."

Bai kalle ta ba, ni ya kalla. "Wurin nan mabiyiyar kowane ɗa na gidan nan tana ciki. Ta Garba tana nan, ta Salamatu tana nan, ta 'ya'yanta ma. Tun da aka gina gidan nan binnewa ake yi, ba a taɓa tonowa ba. Rabi, ni na ba da aurenki. In kika sa fartanya a wurin nan, ƙafarki ta bar gidana."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba, don ban taɓa yi masa musu ba ko a kan gishirin miya. Amma na ga yadda ƙarshen ciwon nan yake in aka bar shi, shi kuwa bai gani ba. Na ce, "Baba, na ji. Na kuma yi maka alkawari, abin da ya rage zan dawo maka da shi da hannuna, ba za a ƙone ba." Na tashi, na gyara ɗaurin zanina, na ɗauki fartanyar da ke jingine da randa na zagaya bayan ɗaki. Matan gidan suka fito suka yi cirko-cirko. Na sara sau biyu, a na uku Garba ya riƙe ƙotar.

"Ba nan ba ne, Hajiya. Za ki taɓa na wasu. Kawo."

Shi ya tono, da hannu ya ƙarasa. Ƙyallen ya yi ja da ƙasa, tef ɗin bai motsa ba. Na fita ta zaure da kwalbar a jakata, na ce sai an jima Baba. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Da na isa lab babu wuta, dama ban sa rai ba. Na auna tsokar, likitar lab ɗinmu ta zaɓi wuraren yanka, na fara bi da su cikin kwanonin sifirit da hannu ina duba agogo. Kwana biyu ina wannan. Na hura kolpot na narka kaki, na zuba, na bar shi ya kama. Da sassafe na yi yankan a bakin taga kafin rana ta yi zafi kaki ya yi laushi, ina ɗora shi a kan ƙanƙara tsakanin fere da fere. Wuƙa sabuwa na sa, kuma sai da na zubar da fere goma kafin na sami wanda na yarda da shi. Rinin kunnuwan saura kaɗan a kula, babu na kuskure. Na rina tare da wani gilashin da muka riga muka san amsarsa, don in nata bai nuna komai ba in san ko rinin ne ya mutu. Ku wannan matakin ne kuke tsallakewa in kuna sauri.

Likitar ta daɗe a kan madubi, sannan ta matsa ta ce in duba. Kowace ƙwaya da zobenta mai ruwan ƙasa, cikakke, babu tantama. Ciwon daji ne, mai saurin gudu, amma mai kunnen da ake da maganin toshewa. Ta ce da an bar Salamatu a kan cewa an cire an gama, da abin da za ta dawo da shi ba na gyara ba ne. Aka sake yi mata aiki, aka yi mata ƙarin ruwan magani wata da watanni. Ta sha wuya, gashinta ya zube, ta rame. Ba kowa ke tashi ba ko an yi duk wannan, na raka da yawa da addu'a. Ita Allah ya tashe ta. In kuka je Tafo da safe, layin da ya fi tsawo a bakin tasha nata ne.

Saura alkawari. Oganmu ya ce babu dokar mayar wa dangi nama. Na ce ya nuna mini dokar da ta hana. Muka yi sati biyu muna ja, har ya gaji ya ce dangi su sa hannu a takarda. Na sayi yadi ɗaya na farin ƙyalle, na naɗe abin da ya rage, na hau trotro da shi a cinyata. A bakin kwatar ƙofar gida na tsaya na yi sallama, ban taka dakali ba. Baba Alhaji ya fito da sandarsa. Ya jingine ta, ya karɓa da hannu biyu.

"Duka ne?"

"Saura ɗan abin da ke cikin kaki, Baba, bai kai farce ba. Wannan zai zauna wurinmu ko likita za ta sake nema."

Ya daɗe yana kallona. Ya juya ya shiga. Bai ce in shigo ba, ni ma ban roƙa ba. Shekara huɗu ya ƙara a duniya, ban sake taka gidan ba, in na gaishe shi a hanya sai ya ja carbinsa. Da ya rasu a kan benci a waje na yi zaman makoki. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don uba ne. Amma ko yau aka mayar da ni ranar Larabar nan, fartanyar zan ɗauka.

Kamar wata biyar bayan na mayar masa da naman, wani dattijo ya zo tagar nan da kwalba a naɗe cikin farin ƙyalle. Ban taɓa ganin an kawo haka ba. Na tambaye shi dalili. Ya ce a masallaci ya yi shawara ko ya binne, sai Baba Alhaji na Tafo ya ce masa, "Kada ka binne tukuna. Kai wa Rabi. Ba ta jin magana, amma tana dawo da saura."

Daga shi sai wani, daga Tafo har Ayigya. Mutanen da a da suke binne kwalba su dawo mana bayan shekara da ciwon da ya ci jiki, yanzu kawowa suke yi a ranar da aka yanka. Ƙyallen da kuke yi wa dariya shi ne sharaɗin da suke kawo ta a kai, wato a naɗe musu sauran naman a ciki su je su binne.

Na safen nan yana durowata ta hagu, na rubuta lambar kwalbar a takarda na maƙala. Wanda ya kama shi da yatsa biyu ya san kansa. Shi zai yanka wannan tsokar, ina tsaye a kansa, kuma ranar da mai ita ya dawo, shi zai naɗe sauran ya miƙa masa ta taga da hannu biyu.